Igiyar da Baba ya aika wa maƙeri a Kano

Yau ba maganar taki ko tsadar gero muka kawo muku ba. Maganar cikin gidanmu ce, amma mun san da yawanku kun taɓa jin muryar abin da za mu yi zance a kai, ko da ba ku san hannun da ke riƙe da shi ba.

Mu ƴaƴan gidan masu busa ne. Mu bakwai ne wurin mahaifinmu, maza huɗu mata uku. Baba kakaki yake busa wa wani basarake na yankin nan, shi da ƙaninsa da muke ce ma Baffa, kamar yadda ubansu ya busa wa uban wannan basaraken. Ba za mu kama sunan fadar ba, don maganar tamu ce, ba tasu ba.

Kakakin Baba ya girmi dukanmu. Kakanmu ne ya sa aka ƙera shi, gaba biyu: gabar gaba mai faɗin baki ta tagulla ce, gabar baya kuma da ƙarfen garwar kananzir aka naɗe ta, irin garwar nan da yaran yanzu ba su ma san ta ba. In an haɗa gabobin ya kan wuce mita 2 da rabi da ɗan ɗori. Tun muna ƙanana an hana mu tsallake shi. Rataye yake a ɗakin Baba cikin wani dogon kube na fata, kuma duk daren Juma'a sai an sauko da shi.

To a Babbar Sallar da ta wuce ne abin ya faru. Autanmu, wanda ke kabu-kabu kuma shi ne ke koyon busar, ya ɗaure kakakin a bayan moto zai kai wa Baba. Kun dai san hanyoyinmu. Rairayi ya kwashe ƙafar gaba, moto ta kwanta, gabar baya ta shiga ƙarƙashi. Yaron bai ji ciwo ba sai ɗan gurzuwa, amma kakaki ya lotse wuri biyu, ɗinkin da ke tsawonsa ya buɗe. An kai wa mai gyaran fitila ya like da dalma, Baba ya naɗe wurin da roba, aka yi hawa da shi haka nan. Jama'a ba su lura ba. Mu kam mun lura, don mun ga jijiyar wuyan tsohon nan ta miƙe, iska na zurarewa ta gefe, yana ba da numfashi biyu a inda da ɗaya yake bayarwa. Da ya dawo gida ko tuwo bai ci ba.

Bayan kaka muka yi karo-karo. Nan ma sai mu faɗi gaskiya: mata ukun nan da ba a yarda ko taɓa kakakin su yi ba, su suka ba da kaso mafi yawa, ɗaya har tunkiyarta ta saida. Aka samo wani maƙerin fari a Kano, ta hannun wani ɗan uwa da ke zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis. Aka ba da kafin alƙalami. Mu a tunaninmu magana ta ƙare, sai jiran kaya.

Ashe lokacin ta fara.

Maƙerin nan yaro ne mai jini a jika, kuma ga alama ya san aikinsa. Sai ya turo mana bokal mai tsawo a WhatsApp, wai shi ba ya son ya yi mana irin na da, akwai gyare-gyaren da yake yi wa kakakin da yake ƙerawa yanzu. Zai yi shi gaba huɗu maimakon biyu, don ya shiga jaka a rataya a kafaɗa. Wurin haɗin gabobin zai yi na murɗawa, kamar murfin jarka, ba na cusawa ba. Zai yi amfani da tagulla mai kauri daga farko har ƙarshe, ko kuma in muna son mai sauƙin kuɗi da rashin nauyi, alminiyam. Bakin busawa zai zama na cirewa. Sannan ya ce zai rage tsawon da kamar taƙi guda, don farantin tagullar da yake saye in ya yanka shi huɗu daidai nan yake tsayawa, ba asara.

Wannan bokal ɗin ya raba gidanmu biyu har kusan wata guda.

Babban yayanmu tsohon soja ne, kuma cikin ƴan badujala ya yi aikinsa a Yamai. Shi kakakin Turawa ya busa shekara da shekaru, mai maɓallai ukun nan. Har yau in ka kama wayarsa ba abin da ke ciki sai bidiyon masu busa na Amurka da Japan suna gardama a kan sabon samfurin da kamfani kaza zai fitar. Shi ne ya fara goyon bayan maƙeri. Ya ce mana, kakakin Turawan nan da kuke gani, da can shi ma bututu ne kawai ba maɓalli, kamar namu, sauti ƙalilan yake iya fitarwa. Sai a 1818 wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, suka yi rajistar dabarar maɓallin da ke karkatar da iska ta bi wani ƙarin bututu, daga baya wajen 1839 wani Bafaranshe mai suna Périnet ya fito da irin wanda ake aiki da shi har yau. Da haka abin ya sami duk sautukan da ake so. Ya ce in ka warware bututun kakakin soja ka miƙe shi, bai kai mita 1 da rabi ba, naɗe shi aka yi don ya riƙu a hannu. Ya ba mu labarin Vincent Bach, mai busa ne da aka lalata mishi bakin busawarsa wurin gyara, haushi ya sa ya fara ƙera nasa a New York a 1918, kuma yau sunansa na kan kakakin da manyan masu busa na duniya ke riƙewa. Ƙarshen maganar Yaya dai ita ce, su waɗancan ba su taɓa zama wuri guda ba, Bach ne, Yamaha ne, kowane lokaci sai an ɗan taɓa wani abu, mu kuma mun rungume garwar kananzir muna cewa gado.

Baffa ya saurare shi har ya gama. Sai ya ce: «Ɗana, su waɗancan waƙa suke yi da nasu. Namu magana yake yi.»

Nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa matasan shafin nan bayani, don mun lura da yawa suna ɗauka kakaki ihu ne kawai, kamar bubuzelar nan ta roba da ta cika kunnen duniya lokacin gasar ƙwallo ta 2010 a Afirka ta Kudu. Ba haka ba ne. Kakaki ba shi da huda ko ɗaya, ba shi da maɓalli, ba shi da ɗan kara a baki irin na algaita. Leɓen mai busa ne ke kaɗawa a cikin bakin, bututun ya ɗauki wannan kaɗawar ya mai da ita murya. Abin da yake bayarwa, galibi murya biyu ce, ta ƙasa da ta sama, sai ɗan lanƙwasa da gwani ke yi da leɓe. To Hausarmu ma ai haka take tafiya, hawa da sauka. Shi ya sa in Baba ya busa, tsofaffin gari suna jin sunan basarake, suna jin sunan ubansa da kirarinsa, suna gane ko fitowa za a yi ko baƙo ne ya iso. Ba banza ba ake ce wa mai magana da yawun gwamnati kakaki, ko shugaban majalisa a Najeriya. Daga wannan ƙarfen aka aro sunan.

Kuma tsawon bututun shi ke yanke zurfin muryar. Dogo ya fi kauri, gajere ya fi siriri. Wannan ko Yaya bai musa ba, don shi ma a badujala in za su daidaita sauti wani ɗan bututu suke ja ko su tura, ɗan yatsa guda ma ya isa a ji bambanci. To ina ga taƙi guda? Ga shi kuma kakaki ba ya tafiya shi kaɗai. Na Baba da na Baffa tare aka ƙera su, tare suke amsa wa juna. In sabo ya zo da gajarta, ranar Sallah ɗaya na cewa abu, ɗaya na cewa wani, kamar kishiyoyi a tsakar gida. Ke nan ko dai a sake na Baffa shi ma, kuɗin da ba mu da su, ko a tsaya kan tsawon da aka sani.

Wannan ita ce hujjar da ta kashe maganar rage tsawo. Ba tarihi ba, ba gado ba, lissafi.

Amma da yake an taɓo tarihi, Yaya bai yi ƙarya ba da ya ce komai baƙo ne wata rana. Kakakin kansa shigowa ya yi. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a fadar Kano, tare da figini da sauran kayan alfarma. Danginsa na nan har yau a Maroko, dogon bututun da suke ce ma nafir, wanda ake busawa cikin azumi ana tashin mutane sahur. Ƙasar nan tamu ta Sosebaki, Dungas da Waca da Mirya, tana da sarautunta tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rufe su a ƙarni na 19. Kuma a Damagaram ɗin, zamanin Sarki Tanimu da ya rasu a 1884, maƙera har igwa suka zuba a cikin Birni. Mutanen da suka zuba igwa ba tsoron sabon abu suke ba. Kakanmu ma da ya karɓi ƙarfen garwa, ai a lokacinsa shi ne sabon yayi, kuma muna da tabbacin an sami wani tsoho da ya ce an ɓata kakaki.

Duk wannan gardama da ake, Baba bai ce uffan ba. Ba ya cikin gurup ɗin gidan, ƙaramar waya gare shi, sai dai mu kunna mishi bokal ya saurara yana taunar goro da gefen da haƙora suka rage. Ran nan bayan la'asar sai ya ce a sauko da kakakin. Ya sa Auta ya haɗa shi, ya shimfiɗa a kan tabarma. Ya ɗauko igiyar rama sabuwa, ya ja ta daga baki har ƙarshe, ya yanke. Ya ƙulla ƙulli a inda bututun ya fara buɗewa, ya ƙulla wani a inda gabobin ke haɗuwa. Ya sa aka samo karan dawa guda uku masu kauri daban-daban, ya dinga zura su cikin bututun har ya sami waɗanda suka cika ramin daidai a baki, a tsakiya da wurin haɗi. Ya yanke su, ya ɗaure su jikin igiyar, kowane a wurinsa.

Ya ce: «Ku kai mishi wannan. Waje nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Ciki nawa ne.»

Yaya ya yi shiru, sannan ya yi dariya, ya ce walla abin da injiniyoyin Yamaha ke faɗi ke nan da dogon Turanci: siffar ramin ciki ta fi irin ƙarfen tasiri a kan murya. Masu busa na can suna iya kwana suna musu a kan tagulla mai jan ƙarfe kashi 70 da mai kashi 85, amma kowa ya yarda in ka taɓa faɗin rami ko yadda baki ke buɗewa, ka sake kakaki.

Daga nan sai aka bi sauran gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya, kuma abin mamaki tsohon ya fi mu sauƙin kai. Alminiyam dai ya ƙi, ba don murya ba, don ya ce in ya tsage ba mai like mishi shi da dalma a ƙauye, sai an nemi mai walda na musamman. Tagulla mai kauri ya karɓa a gabar baya inda ake riƙewa, amma ya ce gabar gaba a bar ta da sirantarta. Dalilinsa, duk wanda bai taɓa ɗaga kakaki sama ba bai san abin da nauyi kaɗan ke yi ba in yana can ƙarshen mita biyu, ga rana, ga doki na rawa ƙarƙashinka, ga basarake bai gama gaisawa da jama'a ba. Gaba huɗu ya mai da su uku, wai kowane haɗi ƙofa ce ta ɓarawon iska. Haɗin murɗawa kuwa an daɗe a kai. Auta na so, don ba ya zamewa. Baba ya tambaye shi, in rairayi ya shiga zaren murɗin ranar hawa, da me za ka buɗe? Mu da muke wanke kwano sau biyu kafin mu ci abinci lokacin hunturu saboda ƙura, mun san amsar. Aka tsaya kan na cusawa, amma da zobe mai kauri a bakin kowace gaba don kada ta lotse.

Sai maganar bakin busawa. Nan muka ɗauka za a yi yaƙi, don bakin tsohon kakakin leɓen kakanmu ne ya side shi, na Baba ya ƙarasa. Amma Baba ya ce a yi na cirewa, kuma a yi guda biyu. Ɗaya a kwaikwayi tsohon sak. Ɗayan a ɗan rage faɗinsa, a yi wa Auta. Muka ce Baba ai gara ya saba da naka. Ya ce leɓen yaron ba irin nasa ba ne, ya lura tun bara yana wahala wurin kamo muryar sama, kuma shi ba zai bar wa ɗansa abin da zai sa ya ji kunya gaban jama'a ba. Sannan ya ƙara da wata magana da ta sa Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ya ce nasa bakin ma ba na dogon aiki ba ne, haƙoran gaba biyu na motsi, ran da suka fita busa ta ƙare.

To jama'a, ga inda abin ke mana ciwo, kuma shi ne dalilin da ya sa muka rubuto. Mun kashe wata guda muna musu a kan ƙarfe, alhali ba ƙarfen ne ke shirin ɓacewa ba. Auta yana da mata da ɗa guda. Duk ranar da ya bi Baba fada, ya bar moto a jingine, kuma mai moton ba ruwansa da kirari, balas ɗinsa yake jira da yamma. Zamanin kakanmu mai busa ba ya sayen hatsi, ba ya sayen riga, wani lokaci har doki ake ba shi. Yanzu sarakunan su kansu da albashi suke, ga baki da yawa a kansu, ba mu ga laifinsu ba. Abin da ake samu ranar Sallah ba ya kai wata. Ga kuma masu lasifika: mun je wani biki a nan kusa muka ji kakaki na tashi, muka waiwaya muna neman wane basarake ne ya iso, ashe wani yaro ne ya kunna daga waya. Wallahi muryar Baffa ce ma, wani ya ɗauka ranar hawa ya watsa. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya ba shi ko dala.

Abokan Auta biyu sun tafi Aljeriya bana. Ya faɗa mana, ba ɓoye-ɓoye, in damina mai zuwa ba ta yi kyau ba shi ma zai bi su. Ba mu da bakin hana shi. Mu sauran mazan ukun kowa ya kama gabansa, ɗaya soja, ɗaya mushen lakwal, ɗaya tireda, ba wanda ya iya fitar da ko murya ɗaya mai kyau. Mu muka fara gudu, shi aka bari da kayan. Shi ya sa da muka zauna a kan kuɗin kakaki, babbar yayarmu ta ce a ƙara wani karo-karon, kowane wata, a riƙa biya wa Auta balas na ranakun da ya je fada. An yarda. Wata biyu ke nan ana yi, ɗaya daga cikinmu har ya fara latti, ya san kansa, yana kuma karanta shafin nan.

Ba roƙo muka zo yi ba. Amma tunda Dungas ta zama jiha mai perfe nata tun 2011, ana taruka, ana tarbar manyan baƙi, kuma duk tarbar da za a yi sai an nemo masu kakaki da algaita da tambari su tsaya cikin rana tun hantsi. Masu shirya irin wannan taro, in kuna lissafin kujeru da rumfa da ruwan leda da man janareta, ku riƙa sa masu busa cikin lissafin tun farko, da adadi sananne, ba sai an watse a laluba aljihu ba. Masu ɗaukar bidiyo kuma, in kun ɗauka kun sa a TikTok, ko sunan garin da na sana'ar ku rubuta.

Igiya dai ta isa Kano. Maƙerin ya kira da kansa, ya ce a ba shi Baba. Mun ji yana ce mishi «Baba, na ga saƙo, na gane», ya kuma ce tsawon da aka ƙi ragewa zai sa ya sayi ƙarin faranti, kuɗi za su ɗan hau. Da darajar naira yadda take, a sefa abin bai yi mana zafi sosai ba, mun cika. Ya yi alkawarin kafin azumi. Mun san alkawarin masu sana'a, don haka mu dai fatanmu ya iso kafin Ƙaramar Sallah da ko sati biyu, a samu a gwada shi da na Baffa. Baba ya riga ya faɗi sharaɗinsa: in suka busa tare muryoyin ba su kwanta kan juna ba, kakaki zai koma Kano ko da an yi mishi zanen zinariya, shi kuma ya hau da mai robarsa.

Kafin nan, wanda ya bi ta bayan gari da sassafe ya ji busa daga wajen gonaki, kada ya tsorata ya ɗauka wani abu ya faru a fada. Ba a busa kakaki cikin gari ba dalili, shi ya sa suke fita can. Baba ne zaune a gindin gawo da bargonsa, Auta na tsaye da tsohon kakakin, moto na jingine tana jiran ƙarfe bakwai. Jiya mun bi su. Muryar ƙasa ta zauna. Ta sama har yanzu tana tsinkewa in ya ja ta da tsawo, kuma Baba ya ce ba zai san ko laifin yaron ne ko na robar ba sai sabon ya zo.